Babi na 6: Yadda Ake Samun Bes ɗin da Ake So a Mota

Me ya sa za a ga motoci biyu ɗauke da wufa iri ɗaya, kamfani ɗaya, girma ɗaya, amma kiɗan ɗaya ya fito a dunƙule yana ratsa ƙirji, ɗaya kuwa sai rugugi da kwaramniyar murfin but? Masu mota sun saba yi wa masu haɗa kayan sauti wannan tambaya, kuma galibi sukan ɗora laifin a kan ƙarancin wat. Sai a sauke amfilifaya a ɗora wadda ta fi ta, rugugi ya ƙaru, daɗin da ake nema kuma bai samu ba. Dalili shi ne wufa ba ta aiki ita kaɗai. Abubuwa biyar ne ke haɗuwa su fitar da bes: wufar kanta, akwatin da aka saka ta, cikin motar, amfilifayar da ke tura ta, da wutar da ke ciyar da amfilifayar. Duk wanda ya gaza a cikinsu zai ja sauran baya, komai tsadarsu.

Mene ne bes?

Duk sautin da kunne ke ji kaɗawar iska ce. Idan abu ya riƙa motsi gaba da baya da sauri, yakan matse iskar da ke gabansa ya sake ta, matsin ya yi ta tafiya har ya iso dodon kunne. Ana ƙirga yawan kaɗawar da ake yi a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin da ake rubutawa Hz, wanda aka raɗa wa sunan masanin kimiyyar nan na Jamus, Heinrich Hertz. Lafiyayyen kunnen matashi yana ji daga kimanin Hz 20 zuwa Hz 20,000. Gwargwadon yawan kaɗawa, gwargwadon sirantar sauti. Bes shi ne ɓangaren da ke can ƙasa, kuma aikin wufa ya taƙaita ne tsakanin Hz 20 da kimanin Hz 80 ko 100. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, bugun babbar gangar da makaɗan zamani ke takawa da ƙafa kuwa yakan faɗa tsakanin 50 da 100.

Fitar da irin wannan sauti yana buƙatar ture iska mai yawa. Wanda ya taɓa jin tambarin fada kusa da kalangu ya san haka: faffaɗar fata da babban ciki su ne ke bai wa tambari amon da ake ji har a ƙirji, abin da kalangu ba zai iya ba komai ƙwarewar makaɗinsa. A lissafin masana, idan ana so sauti ya sauka daga Hz 80 zuwa Hz 40 ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba, sai an ture iska ninki huɗu. Shi ya sa sifikar ƙofa mai inci 6 ba ta iya wannan aiki.

Ginin wufa ba shi da sarƙaƙiya. Akwai faffaɗan faifai a gaba, na takarda mai ƙwari ko roba. A bayansa an liƙa kwayil, wato naɗaɗɗiyar siririyar waya, wanda ke zaune cikin ramin maganaɗisu. Wuta daga amfilifaya tana bi ta kwayil, maganaɗisu ya tura shi ya jawo shi, faifai ya bi, iska ta motsa. Hanya biyu ake kashe wufa: zafi ya ƙona kwayil, ko faifai ya yi tafiyar da ta wuce iyakarsa.

Wane irin bes ake nema?

Kafin a sayi komai, wannan ita ce tambayar da ya kamata mai mota ya amsa, domin bes ba iri ɗaya ba ne. Akwai dunƙulallen bugu mai zuwa ya wuce nan take, wanda ke dacewa da kiɗan da ganguna suka yi yawa a cikinsa, da waƙoƙin da ake so a ji kalmomin mawaƙi sarai. Akwai bes mai zurfi da jan numfashi, wanda ke zama tsakanin Hz 30 da 45, irin na kiɗan hip-hop da ya gaji amon na'urar Roland TR-808 ta 1980, da kiɗan amapiano na Afirka ta Kudu. Akwai kuma bes na tsabar ƙara, wanda ake gasa a kansa a Amurka da Turai, inda ake auna ƙarfin sauti da na'ura har a haura desibel 150. Kowane ɗaya da irin akwatinsa da saitinsa, kuma wanda aka gina don gasar ƙara ba ya daɗin sauraro a tafiyar yau da kullum.

Kunne ma yana da tasa ɗabi'ar. A 1933 wasu masana biyu na cibiyar binciken Bell a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, sun nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin sauti mai kauri da sauƙi kamar yadda yake jin muryar magana, musamman idan an rage ƙara. Ga kuma gurnanin inji da na taya a kan kwalta, waɗanda su ma sauti ne mai kauri, suna danne bes. Saboda haka kiɗan da ya cika a motar da ke tsaye yakan rame idan an hau titi.

Zaɓen wufa

Girman da aka fi samu shi ne inci 8, 10, 12 da 15. Mai inci 12 ta fi mai inci 10 girman fuskar faifai da kusan rabi, don haka ta fi ta ture iska. Ana yawan cewa babbar wufa tana da nawa, ƙarama kuwa ta fi saurin bugu. Yawancin abin da kunne ke ji a matsayin nawa daga akwati da saiti yake zuwa. Mai inci 12 a akwatin da ya dace takan yi bugu mai tsafta, mai inci 10 a akwatin da bai dace ba takan yi rugugi. A ƙaramar mota irin Corolla ko Golf, wufa ɗaya mai inci 10 ko 12 ta wadatar.

A jikin kwali akan ga lambar wat iri biyu. Babbar, wadda ake bugawa da manyan haruffa tare da MAX ko PEAK, ƙarfin da wufa za ta jure ne na ƙiftawar ido. Wadda ake aiki da ita ita ce mai ɗauke da RMS, wato ƙarfin da za ta jure a jere ba tare da ta ƙone ba. Wufar da aka rubuta wa wat 1,200 tana iya kasancewa mai RMS 300 ko 400 kacal.

Akwai kuma lambobi uku da kamfanonin kirki ke bayarwa a takardar da ke cikin kwali: Fs, Qts da Vas. Sun samo asali ne daga aikin injiniyan Ostireliya Neville Thiele a 1961, da Richard Small wanda ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Da su ake lissafa girman akwatin da ya dace da kowace wufa. Mai mota ba ya buƙatar yin lissafin da kansa, domin takardar takan faɗi girman akwati a lita ko a ƙafa. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya adana takardar, ya miƙa ta ga mai yin akwati.

Akwati

Idan faifai ya tura iska gaba, a daidai lokacin yana jan iska a bayansa. In babu abin da ya raba gaba da baya, iskar gaba za ta zagaya ta cike gurbin baya, bes ya ɓace. Wannan ne ya sa wufar da aka aza a but tsirara take ta rawa amma ba a jin komai. Akwati ne ke raba su, kuma shi ne ke tsara irin bes ɗin da zai fito fiye da kowane abu.

Nau'i na farko shi ne rufaffen akwati, wanda iska ba ta shiga ba ta fita. Edgar Villchur ne ya shahara da wannan tsari a Amurka a 1954. Iskar da aka kulle a ciki tana riƙe faifai, tana mayar da shi mazauninsa bayan kowane bugu. Bes ɗinsa dunƙulalle ne mai tsafta, akwatin ƙarami ne, kuma yana yafe ƙaramin kuskuren awo. Wufa mai inci 12 takan so lita 28 zuwa 42, mai inci 10 kuwa lita 15 zuwa 25. Rauninsa shi ne yana buƙatar wat mai yawa kafin ya yi ƙara. Idan ya yi ƙanƙanta fiye da kima, zurfi yakan tafi, a bar bugu ɗaya mai tauri. Idan ya yi girma fiye da kima, riƙon faifai yakan yi sako-sako.

Nau'i na biyu shi ne akwati mai bututu, wanda Albert Thuras na cibiyar Bell ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1932. Ana iya gwada tushen aikinsa da kwalba: in an hura iska a bakinta takan ba da amo guda, in an zuba ruwa a ciki amon ya canza. Iskar da ke cikin bututu da wadda ke cikin akwati su ma suna da amon da suke kaɗawa a kai, kuma a daidai wannan wuri bututun yana taya faifai aiki, ƙara ta ƙaru da desibel 3 ko fiye. Mai yin akwati ne ke zaɓar wurin. In an tsawaita bututu amon yakan sauka, in an faɗaɗa shi ba a ƙara tsawo ba yakan hau. Don sauraron kiɗa akan saita shi tsakanin Hz 30 da 35. Daga 45 zuwa sama ƙara takan yi yawa, amma sai kowace waƙa ta zama bes ɗinta murya ɗaya. Irin wannan akwati ya fi girma, mai inci 12 takan nemi lita 50 zuwa 60, kuma ba ya yafe kuskure. Bututun da ya yi ƙunci yakan yi huci da fito. Ƙasa da amon da aka saita shi kuma, iska takan daina riƙe faifai, ya riƙa tsalle babu birki.

Akwai ƙa'idar da ake jingina wa Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin sifika na KLH: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, da ƙara mai yawa da wuta kaɗan, biyu kawai ake iya samu cikin ukun nan. Wanda ba ya son rasa but ɗinsa kuma yana son zurfi, sai ya biya da wat. Wanda yake son zurfi da ƙara da amfilifaya matsakaiciya, sai ya biya da fili.

Wajen ƙira, ana amfani da katakon MDF ko filawud mai kyau, kaurin milimita 18. Siririn katako yakan yi rawa tare da faifai, ya shanye ƙarfin da ya kamata ya shiga iska. A haɗa kowace gaɓa da gam da sukurori, a bi ciki da silikon, a kuma toshe hudar da waya ta bi. Awon da ke takarda na cikin akwati ne. Akwatin da wajensa ya kai santimita 40 da 40 da 35 lita 56 ne in an auna daga waje, amma da an cire kaurin katako sai ya koma ƙasa da lita 42, kuma sai an ƙara cire gurbin da wufar da bututun suka cinye. Nan ne kafintoci da yawa ke kuskurewa. Ana gwada rufaffen akwati ta hanyar danna faifai a hankali da tafin hannu: in ya yi tauri to akwatin ya rufu, in an ji iska tana tsiyaya to akwai kafa.

Cikin mota

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Zango ɗaya na kaɗawar Hz 40 ya kai mita 8 da rabi, ya ninka tsawon cikin ƙaramar mota. Tunda ba shi da filin miƙewa, sai wufa ta koma matse iskar motar gaba ɗaya tana sakinta. Wannan kyauta ce ga mai mota: daga kimanin Hz 60 ko 80 zuwa ƙasa, gwargwadon girman motar, cikinta yana ƙara wa bes ƙarfi, kuma ƙarin yana yawa yayin da sauti ke ƙara kauri. A daidai wannan yanki ne ƙarfin rufaffen akwati ke raguwa a hankali, sai ɗaya ya cike giɓin ɗaya. Shi ya sa ƙaramin rufaffen akwati ke yin zurfi a mota fiye da yadda zai yi a falo, kuma shi ya sa bes ke canzawa idan an sauke gilasai.

Inda aka ajiye akwati yana da tasiri. A yawancin motoci, sanya shi a bayan kujera yana fuskantar murfin but ya fi ba da bes mai cika, amma motoci sun bambanta, gwaji ne ke raba gardama. A motar da but ɗinta ke rufe ruf, kujerar baya da ƙarfen bayanta suna tare sauti, kuma buɗe kafar da ke bayan madogarar hannu ta tsakiya yana taimakawa. Motocin da but ɗinsu ke haɗe da ɗakin fasinja ba su da wannan matsala. A bar wa bakin bututu tazarar da iska za ta wala, kuma a ɗaure akwatin da ƙarfe ko bel mai ƙarfi, domin kaya mai kilo 15 ko 20 makami ne a lokacin haɗari.

Sai kwaramniya. Lambar mota, murfin but, allon bayan kujera, jak da sifana, duk suna amsawa idan bes ya buga. Ana gano su ta hanyar dafa kowane wuri da hannu yayin da kiɗa ke tashi, inda ƙara ta tsaya nan ne matsalar. Soso a bayan lamba, ɗaure kayan aiki, da liƙa shimfiɗar roba mai nauyi irin ta Dynamat a jikin ƙarfe sukan gyara sauti fiye da ƙarin wat ɗari biyu.

Amfilifaya da lissafin om

Ƙa'idar mai sauƙi ce: RMS ɗin amfilifaya ya yi kusa da RMS ɗin wufa, a adadin om ɗin da za a haɗa su. Om ma'aunin turjiyar da kwayil ke yi wa wuta ne. Gwargwadon ƙarancinsa, gwargwadon wutar da amfilifaya za ta fitar da zafin da za ta yi. Kwayil biyu masu om 4 in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, fozitif da fozitif, nagatif da nagatif, sukan koma om 2. In aka jera su ɗaya bayan ɗaya sukan zama om 8. Amfilifayar da aka ƙera don om 2 in aka ɗora mata om 1, ko ta riƙa ɗaukewa ko ta ƙone.

Lambar wat ta amfilifaya ma sai an tantance. Wasu kamfanoni suna bin ƙa'idar gwaji ta CTA-2006, wadda ke auna ƙarfi a bolt 14.4 ba tare da gurɓatar sauti ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Inda babu wannan, fis ɗin da ke jikin amfilifaya yana tona asiri. Fis mai amfiya 30 a bolt 14.4 ba zai wuce da fiye da wat 432 a jere ba, kuma wani kaso zai tafi a zafi. In an rubuta wat 3,000 a jikin irin wannan, rubutu ne kawai.

Ya kamata kuma a san abin da wat ke saya. Ninka wat sau biyu yana ƙara desibel 3 ne kacal, bambancin da kunne ke ji amma ba mai yawa ba. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato wat ninki goma. Amfilifaya ajin D ta fi dacewa da wufa, domin tana mayar da kashi 80 ko fiye na wutar da ta ja zuwa sauti, ajin AB kuwa kusan rabi ke tafiya a zafi. A garuruwa irin Sakkwato, Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. A kafa ta inda iska ke ratsawa, kada a lulluɓe ta da darduma ko kaya, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga jikinta.

Wutar mota

Amfilifaya mai RMS 500 ajin D tana iya jan kusan amfiya 45 idan ta buɗe wuta. Altanetar ƙaramar mota takan ba da amfiya 70 zuwa 120, kuma daga ciki fitilu, na'urar sanyaya mota, fanka da inji ke cin nasu rabon. Idan inji na aiki, mitar masu wayarin ya kamata ta nuna bolt 13.8 zuwa 14.4. In fitilun gaba suna dushewa da kowane bugu, wuta ba ta isa. Kafasita tana ajiye 'yar wuta ta sake ta, ba ta samar da sabuwa, don haka ba ta maye gurbin lafiyayyen batir da altaneta.

Waya ita ce inda aka fi yin tsimin da ke jawo asara, kuma araha ba ta ado. Lambar kaurin waya a juye take, mai lamba 4 ta fi mai lamba 8 kauri, kuma ita ta dace da wat 500. Kasuwa cike take da wayar alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, alhali alminiyon yana ɗaukar kimanin kashi 60 ne cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka. Ana gane ta da rashin nauyi, kuma in an yanke ta aka dubi bakin silin za a ga cikinsa fari. Dole a sa fis a wayar fozitif kusa da batir, kada tazarar ta wuce santimita 45, domin in wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, fis ɗin ne ke tsakanin mota da gobara. Wayar nagatif ta zama gajera, kaurinta ɗaya da fozitif, a kankare fenti har ƙarfe ya fito fes kafin a ɗaure ta. Kukan da ke tashi yana bin totur galibi daga sakakkiyar nagatif yake, kuma yana da kyau wayoyin sauti su bi gefe dabam da wayar wuta.

Saiti, mataki-mataki

Maɓallin da aka rubuta wa GAIN shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin saƙon da rediyon mota ke aiko mata, ba ya ƙara mata ko wat ɗaya. In aka murɗa shi fiye da kima, amfilifaya takan kai iyakarta tun ƙarar rediyo ba ta yi nisa ba, sai ta riƙa gutsure kan kowace kaɗawa. Sauti ya tsage, kwayil ya ɗauki zafi, warin ƙonewa ya biyo baya.

Ana saita shi da mitar masu wayarin. A kashe duk wani ƙarin bes a rediyo da amfilifaya, a cire wayar wufa, a mayar da maɓallin ƙasa. A sa sautin gwaji na Hz 50, a kai ƙarar rediyo kashi uku cikin huɗu. A ninka wat da om, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi. Wat 500 a om 2 ya ba da 1,000, amsar ita ce bolt 31.6. A sa mita a AC, a ɗora ta a mafitar amfilifaya, a murɗa a hankali har ta nuna haka. In RMS ɗin wufa bai kai na amfilifaya ba, da nata ake lissafi. Inda babu mita, a ƙara a hankali har sauti ya fara sauya kama, sannan a koma baya kaɗan.

Na biyu shi ne matacin da aka rubuta wa LPF, wanda ke hana siririn sauti shiga wufa. A fara da Hz 80. Ƙasa da nan kunne ba ya iya gane inda sauti ke fitowa, sai a ji kamar bes daga gaba yake tare da mawaƙi. In aka kai shi 150, muryar namiji takan fara fitowa daga but. Sifikun ƙofa kuma a sa musu matacin HPF, mai hana sauti mai kauri shiga, a wajen Hz 80, a sauke musu nauyin da ba nasu ba. Akwati mai bututu yana buƙatar matacin SUBSONIC kaɗan ƙasa da amonsa: in an saita akwatin a 35, matacin ya zauna wajen 28 zuwa 30.

Na uku shi ne makunnin PHASE mai lamba 0 da 180. In wufa tana turawa a lokacin da sifikun ƙofa ke ja, sukan kashe wa juna sauti a inda suka haɗu. Mutum ɗaya ya zauna a kujerar direba, wani ya riƙa sauya makunnin, a bar shi inda bugu ya fi cika.

Na ƙarshe shi ne BASS BOOST, wanda ya fi kyau a bar shi a sifili. Yakan ɗaga yanki guda ne kusa da Hz 45, kuma ƙarin desibel 6 yana neman wat ninki huɗu, na 12 kuwa kusan ninki goma sha shida. Bayan an gama, a saurari waƙoƙi iri-iri da aka sani sosai, a tsaye da kuma a kan titi, a daidaita ƙarfin wufa daga rediyo har ta zauna cikin kiɗa ba ta hau kansa ba.

Alamomi da sanadinsu

Rugugi mai jan jiki yakan nuna an ɗaga LPF ko ƙarin bes, ko kuma an saita bututu sama da kima. Faifai na tsalle amma bes ba ya isowa gaba, a duba kafa a akwati, makunnin PHASE, ko wufa biyu da aka juya wa ɗaya waya. Ƙaramin batir mai bolt 1.5 yana warware batun juyin waya: in an taɓa fozitif da fozitif, kowane faifai ya kamata ya turo waje. Ƙas-ƙas a bugu mai ƙarfi alama ce ta faifai ya kai iyaka, a rage nan take. Amfilifayar da ke ɗaukewa bayan ɗan lokaci, zafi ne, ko om ya yi ƙasa, ko wuta ta gaza.

Kunne da haƙƙin jama'a

Cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama minti 15 kacal a desibel 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Kunnen da ke shuwa bayan an sauka daga mota ya riga ya wahala, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Direba na buƙatar jin ham da jiniya. Bes kuma yana ratsa bango fiye da kowane sauti, don haka rage shi kusa da masallaci, asibiti, makaranta da cikin unguwa da dare haƙƙi ne na maƙwabta.

Tsarin aikin ke nan: a tantance irin bes ɗin da ake so, a zaɓi akwatin da zai ba da shi, a daidaita wufa da amfilifaya a kan RMS da om, a gyara wuta, a kashe kwaramniya, sannan a yi saiti da haƙuri. Matsakaitan kaya da aka haɗa bisa wannan tsari sun fi masu tsada da aka haɗa da ka. Sai dai wufa tana ɗauke da ƙasan kiɗa ne kawai. Muryar mawaƙi, algaita, goge da duk abin da ke sama da Hz 80 suna hannun sifikun ƙofa da ƙananan sifikun gaba, kuma babi na gaba zai yi bayanin yadda ake zaɓarsu, da inda ake kafa su, da yadda ake haɗa su da wufa su zama murya ɗaya.